Tayil Baƙi da Fari: Yadda Ake Zaɓa, a Lissafa, a Shimfiɗa Shi Ya Fito Tsaf

Tayil baƙi da fari ya dawo yayi. Ana ganinsa a falo, a kicin, a baranda, har a shagunan aski da wuraren cin abinci. Yayin ba sabo ba ne. A kufan garin Ostia, kusa da birnin Rum, har yau akwai daɓen ƙananan duwatsu baƙi da fari da aka jera kusan shekara 1,800 da suka wuce. Farfajiyar marmara ta fadar Versailles a Faransa da waɗannan launuka biyu aka shimfiɗe ta, kuma a Ingila ta zamanin Sarauniya Victoria da su ake ƙawata mashigar gidaje. Abin da ya sa ba ya tsufa shi ne duk kayan da ka ɗora a kai, ko kujeru ja ne ko labule kore, ba ya faɗa da su.

Amma wannan ado ba ya rufa wa aiki asiri. Tayil mai launin ƙasa, in layi ya ɗan karkace, ba kowa zai lura ba. Baƙi kusa da fari kuwa, karkatar milimita 2 ma ido na kama ta tun daga bakin ƙofa. Shi ya sa mafi yawan aikin yana ƙarewa ne kafin a kwaɓa siminti. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane.

Fara da wurin, kafin ka je kasuwa

Tambayar farko ita ce ina za a sa shi, kuma me ke faruwa a wurin kullum. Baƙin tayil mai sheƙi yana da kyau ƙwarai a shago, ƙarƙashin fitila, an goge shi da safe. A gidan da ƙurar hunturu ke shiga daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wannan baƙin zai nuna sawun kowace ƙafa awa ɗaya bayan shara. Farin kuma shi ke nuna gashi, laka ta damina, da ɗigon manja. Idan an haɗa su biyun, kowanne yana ɗan ɓoye abin da ɗan'uwansa ke tonawa, amma sai an zaɓi irin da ya dace.

Ni a ganina, ga gidan da ake rayuwa a cikinsa da yara da baƙi, gara baƙin da ya ɗan ja zuwa launin gawayi, marar sheƙi, da farin da ya ɗan ja zuwa ruwan madara ko mai jijiyoyin toka irin na marmara. Daga nesa baƙi da fari ne, amma ba ya gajiyar da ido, ba ya kuma wahalar da mai shara.

Tsakar gida da duk inda rana ke duka kai tsaye, a rage baƙi sosai ko a bar shi gaba ɗaya. Baƙin abu yana shan zafi, kuma a watan Afrilu baƙin tayil na iya ƙona tafin ƙafar yaro da rana tsaka. Ga kuma buɗewa da tsukewa da zafi ke jawowa, wanda ke sa tayil ya ɗaga. Banɗaki da wurin alwala, maganar santsi ce ta fi komai muhimmanci, musamman inda akwai tsofaffi ko mai juna biyu. Kada a sa mai sheƙi a ƙasa ko kaɗan. Wasu kwalaye suna ɗauke da alamar riƙon ƙafa daga R9 zuwa R13. Na wurin ruwa a nemi R10 zuwa sama. In babu alamar, a jiƙa fuskar tayil ɗin da ruwa a murza tafin hannu a kai, za a ji bambanci.

Wane zane?

Wanda aka fi sani shi ne na allon draf, ɗaya baƙi ɗaya fari. Ana jera shi miƙe, layinsa na bin bango, ko a karkace, kusurwar tayil na kallon ƙofa. Na karkacen yana sa ƙaramin wuri ya yi kamar ya buɗe, kuma yana da wata fa'ida da ba kowa ke faɗa ba: idan bangon ɗakin bai miƙe daidai ba, shi ne ya fi ɓoye hakan. Sai dai ya fi cin tayil, ya fi cin lokaci, kuɗin aikinsa ma ya fi.

Girman tayil ya bi girman ɗaki. Babban falo yana ɗaukar 60 da 60. Kicin, zaure ko siririn lungu sun fi kyau da 30 da 30 ko 40 da 40, domin in ka sa babba a ƙaramin wuri, gida uku ko huɗu kawai za a gani, zanen bai fito ba.

Wanda bai son ɗakin ya cika da zane yana da hanya mai sauƙi: a shimfiɗa fari a ko'ina, a zagaye shi da baƙin layi mai faɗin santimita 10 zuwa 15, ɗan nesa da bango. A falon da za a sa kafet a tsakiya wannan ya fi ma'ana, tunda ba amfanin biyan kuɗin zanen da kafet zai rufe. Ga bangon kicin kuma akwai ƙananan farare masu tsawo da ake jerawa kamar bulo, a cike tsakaninsu da baƙi. Asalinsu daga tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York ne, waɗanda aka buɗe a 1904. Akwai masu kusurwa shida, akwai masu zanen fure baƙi a kan fari. Shawarata guda ce a nan: zane mai ƙarfi wuri ɗaya a ɗaki. In ƙasa ta ɗauka, bango ya huta.

A kasuwa: nan ne aka fi yin asara

Ko a Ƙofar Ruwa a Kano kake, ko Dei-Dei a Abuja, za ka tarar da na waje, daga Sifen, Italiya, Indiya da Sin, da kuma na gida daga masana'antun Ajaokuta da jihar Ogun. Sunan ƙasar ba shi ne abin dubawa na farko ba. Abin dubawa shi ne baƙin da farin su zama girmansu ɗaya, kaurinsu ɗaya.

Ga dalili. Tayil gasa shi ake yi, kuma yana tsukewa a wuta. Abin da aka rubuta 60 da 60 a kwali yana iya zama 59.5 a wannan kamfani, 60 cif a wancan. Ko a kamfani ɗaya, gashin yau da na wata mai zuwa kan ɗan bambanta. Idan launi ɗaya kake shimfiɗawa daga gashi ɗaya, ba ka da matsala. Amma a zanen draf kowane baƙi yana maƙwabtaka da farare huɗu. In farin ya fi baƙin da milimita 2, kusurwoyi ba za su taɓa haɗuwa ba, kuma babu gwanin da zai iya gyara wannan da hannu.

Saboda haka ka nemi launukan biyu daga kamfani ɗaya, samfuri ɗaya. Sannan kada ka tsaya ga maganar baki. Ka sa a buɗe kwali ɗaya na kowanne a gabanka. Ɗora baƙi a kan fari, ka daidaita gefensu, ka bi da yatsa ta ɓangarori huɗu. Ka tsayar da su gefe da gefe a ƙasa ka ga kauri. Sai ka haɗa biyu fuska da fuska: in suna lilo, ko ana hango haske ta tsakiya, a lanƙwashe suke, kuma lanƙwasasshen tayil zai bar maka baki mai tuntuɓe. Akwai irin da ake yanke gefensa da inji bayan gashi domin girman ya zo daidai. In ka same shi, shi ne ya fi dacewa da wannan aiki, ko da ya ɗan fi tsada.

A jikin kwali akwai lambar gashi da lambar launi. Duk fararen su zama lamba ɗaya, duk baƙaƙen ma haka. Fari iri-iri ne, kuma farin da ya ja shuɗi kusa da wanda ya ja rawaya yana fitowa fili da zarar rana ta shigo ta taga.

Sai ka san wane iri kake saya. Akwai na yumɓu da ake kira siramik, akwai kuma foselin, wanda aka gasa da wuta mai ƙarfi har ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Gane su ba wuya: juya bayan tayil ka ɗiga ruwa. In ya shanye nan take, siramik ne. In ɗigon ya tsaya, foselin ne. Ƙasan falo da kicin foselin ya fi jurewa. Tayil ɗin bango kuwa kada a kuskura a sa shi a ƙasa, komai kyansa, domin ba a yi shi don a taka ba.

Lissafi

A auna tsawo da faɗi da mita, a ninka. Ɗauki falo mai mita 5 da mita 4, murabba'in mita 20 ke nan. Jeri miƙe, a ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda yanka da fashewa, ya zama 22. Kwalin 60 da 60 yawanci guda 4 ne a ciki, wato murabba'in mita 1.44. Raba 22 da 1.44, za ka samu 15 da ɗoriya, don haka kwali 16: baƙi 8, fari 8.

In a karkace za a jera, ƙarin kashi 15 ne, ya zama 23. Kwali 16 zai ba ka 23.04, wato babu rarar ko guda ɗaya. Ka sayi 18, tara-tara. Ka tuna cewa guntun baƙin da aka yanke ba zai cike gurbin fari ba, don haka ɓarnar wannan zane ta fi ta launi ɗaya. Sauran girma kuwa adadin cikin kwali yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, a karanta abin da aka rubuta. Kada a manta da wanda za a zagaye gindin bango da shi, lissafinsa daban ne.

Daɓen da ke ƙasa

Sabon daɓen kankare yana bukatar kwana 28 kafin ya gama ƙarfi, kuma yana tsukewa a wannan lokaci. Wanda ya yi gaggawar ɗora tayil a kai, tsagewar daɓen za ta biyo ta fito a fuskar tayil. A share, a kankare ragowar filasta da fenti, a tabbatar babu maiƙo. Sannan a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawon mita 2 a wurare daban-daban. Ramin da ke ƙarƙashinsa bai kamata ya wuce milimita 3 ba in da gam za a yi aiki. In ya wuce, a gyara daɓen tukuna. A banɗaki a ba shi gangara ta santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa magudana, a zuba ruwa a gani da ido kafin a ci gaba.

Fitar da layi

Wannan matakin ne ke raba aikin gwani da na mai sauri. Da yawa sukan fara daga bango ɗaya su nufi ɗayan, duk abin da ya rage a can a yanke. Ga launi ɗaya ana iya tsira da haka. Ga baƙi da fari sai ka ga cikakken tayil a dama, sirin yanka mai faɗin yatsa uku a hagu, ɗakin ya yi kamar ya karkata.

Daga tsakiya ake farawa. A nemo tsakiyar kowane bango, a ja igiya biyu su gicciye a tsakiyar ɗaki. A tabbatar gicciyen ya tsaya daidai da awon 3, 4, 5 da magina suka sani: daga mahaɗar, auna santimita 90 a kan igiya ɗaya, 120 a kan ɗayar, tsakanin alamomin biyu dole ya zama 150. In bai kai ba ko ya wuce, a gyara igiya, kada a bi bango.

Yanzu a jera tayil a bushe, ba siminti, a bi igiyoyin har bango, tare da tazarar da za a bari. Mu koma falonmu. Tayil 60 da tazarar milimita 3 ya zama 60.3. A faɗin santimita 400, in igiyar ta faɗo a tsakanin tayil biyu, guda 6 za su shiga cikakku, a bar kusan santimita 19 a kowane gefe. Amma in ka matsar da jerin yadda igiyar za ta ratsa tsakiyar tayil ɗaya, guda 5 ne cikakku, yankan gefe ya zama kusan 49. Na biyun ya fi kyau nesa ba kusa ba. A tsawon 500 ma haka: jerin farko zai bar maka kusan santimita 9 a gefe, na biyun ya bar kusan 39. Ƙa'idar ita ce yankan gefe kada ya gaza rabin tayil in da hali.

Akwai ƙarin amfani a hakan. Idan adadin cikakkun tayil a layi mara ne, 5 ko 7, launin da ke gefen dama shi zai fito a gefen hagu, kusurwoyin ɗakin huɗu su zo launi ɗaya. Ido yana jin daɗin wannan ko da mutum bai san dalili ba.

Kafin a kwashe, ka tsaya a bakin ƙofa ka duba, domin daga nan kowa zai fara ganin ɗakin. Kada ka ji nauyin ce wa mai aikin, “Malam, don Allah a jera min a bushe in gani tukuna.” Gwani ba ya jin haushin wannan, shi ma yana sauƙaƙa masa. Ka ɗauki hoton jerin da waya, ya zama shaida tsakaninku.

Shimfiɗawa

Hanya biyu ce. Tsohuwar ita ce siminti da yashi, kuma tana aiki da siramik, wanda ake jiƙawa a ruwa kafin a ɗora don kada ya tsotse ruwan kwaɓin. Foselin kuwa ba ya shan ruwa, don haka siminti zalla ba ya kama bayansa da kyau. Shi ne tayil ɗin da bayan shekara ɗaya ko biyu za ka ji yana ƙara kamar ba komai a ƙarƙashinsa. Foselin gam ɗin tayil yake so, wanda ake sayarwa a buhu, kuma ba a jiƙa shi.

A kwaɓa gam yadda aka rubuta a buhun, kaɗan-kaɗan. A shafa da cokalin magini mai haƙora, na milimita 10 zuwa 12 ga babban tayil, layin haƙoran duk su nufi gefe ɗaya. Ga 60 da 60 a ƙara shafa siririn gam a bayan tayil ɗin kansa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ɗora gam curi biyar, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya. Yana da sauri, yana rage kashe gam, amma yana barin rami, kuma ranar da ƙafar kujera ko turmi ya sauka a kan ramin, tayil ya fashe.

Kada a shafa fiye da abin da za a rufe cikin minti 15 zuwa 20. Da zafin bazara ko iskar hunturu, lokacin bai ma kai haka ba. In ka taɓa gam bai manne a yatsa ba, ya yi fata, a kwashe shi a sa sabo. A danna tayil, a ɗan murza, a bubbuga da gudumar roba, a sa 'yan robobin tazara na milimita 2 ko 3. Wasu na son a manne tayil da juna babu tazara don ya yi kamar shimfiɗa ɗaya. Kada ka yarda. Tazarar ce ke shanye ɗan bambancin girma, ita ce kuma ke ba tayil wurin motsi in ya ɗauki zafi. Saboda wannan dalilin ne ake barin kamar milimita 6 tsakanin tayil da bango, wanda na gindin bango zai rufe.

Bayan kowane layi biyu ko uku, a koma a duba igiya, a duba mahaɗar kusurwoyi huɗu, a kuma duba jerin launi. Idan hankali ya tafi wajen daidaita tsayi, abu ne mai sauƙi a sa fari biyu a jere, musamman wajen yankan gefe. In an gani gam na ɗanye, cirewa minti ɗaya ne. A fara daga tsakiya a gama ɓangaren da ke nesa da ƙofa, a fito da baya. Kowa ya haƙura da taka wurin har awa 24.

Cike tsakani

An saba cikewa da farin siminti. A ƙasa, ban ba da wannan shawara ba. Farin layi cikin 'yan watanni yake komawa ruwan ƙasa, kuma ba ko'ina zai yi duhu daidai ba, hanyar da ake bi ta fi baƙi. Baƙin garin cike tsakani kuma yana iya rina gefen farin tayil marar sheƙi. Ruwan toka matsakaici shi ne ya fi zama lafiya da launukan biyu, kuma ƙura ba ta canza shi sosai. A sayi garin da aka yi don wannan aiki, a gwada a kan guntun fari a ga ko yana barin tabo.

A cire robobin, a share tsakanin, a tura kwaɓin da roba a karkace har ya cika. Bayan minti 15 zuwa 30 a goge da soso mai ɗan danshi, ana wanke shi a kai a kai. Washegari a bi da busasshen tsumma a cire farin hazon da ya rage, wanda a kan baƙi ya fi fitowa. In an bar shi ya yi mako, cire shi wahala ne, daga nan ne ake ɗauko asid. Asid yana cin abin da aka cike tsakani da shi, yana ɓata ƙarfen ƙofa da famfo, in kuma marmara ce ta gaske, yana kashe sheƙinta har abada. Marmara ko ruwan lemun tsami ko na tsamiya ba ta so.

Kafin ka biya cikon kuɗin aiki, ka bi tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa da bayan makulli. Wanda ya kama yana ba da sauti a dunƙule, mai rami kuma sautinsa a buɗe yake. Ka tura tsabar kuɗi a ƙasa ta ratsa mahaɗa: inda ta tsaya, ɗaya ya fi ɗaya tsayi.

Kula da shi

A share ƙura kafin a sa ruwa, in ba haka ba laka ake shafawa. Sabulu kaɗan ya isa, domin yawansa ne ke barin dishi-dishi a kan baƙi. Inda ruwan rijiyar burtsatse ke barin farin tabo, a bi da busasshen tsumma bayan mofa. Manja, lalle da ruwan goro a goge su nan take kafin su shiga tsakani. A sa abin goge ƙafa a bakin ƙofa, domin yashin da takalmi ke shigowa da shi ne ke karce fuskar tayil, a kuma sa roba ko ƙyalle a ƙafafun kujerun ƙarfe.

Rarar da ta rage kada a mayar wa mai shago duka. A ajiye aƙalla guda huɗu na kowane launi, a tsaye, a wuri busasshe, tare da ɓangaren kwalin da ke ɗauke da lambobin. In ɗaya ya fashe, a fara kankare abin da ke zagaye da shi, a fasa shi daga tsakiya zuwa gefe don kada maƙwabtansa su tsage, a kankare tsohon gam har daɓe, sannan a ɗora sabon daga cikin ajiyar.